Kundin kalmomin sirri ɗaya a waya da kwamfuta: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi na masu ajiye kalmomin sirrinsu ne a KeePass, manhajar da ke adana kalmomin sirri a kulle, ko ɗaya daga cikin 'yan'uwansa, kuma suna so abin da suka rubuta a kwamfuta su tarar da shi a waya ba tare da sun riƙa tura fayil da hannu ba. Yawancin masu tambaya ɓarawo suke tsoro. Ni kuwa abin da na fi gani yana cinye wa mutane kalmomin sirri shi ne na'urorinsu biyu, kowace tana rubutu a kan aikin 'yar'uwarta.

Me ake nufi da daidaita kundin tsakanin na'urori?

KeePass, wanda Dominik Reichl ya fara fitarwa a 2003, ba shi da wata saba tasa, wato kwamfutar kamfani a intanet, da yake ajiye maka kaya. Duk kalmominka suna cikin fayil guda, a kulle, wanda sunansa ke ƙarewa da .kdbx, shi ne kundin. Manhajoji da yawa suna buɗe wannan fayil: KeePassXC a Windows da Mac da Linux, KeePassDX da Keepass2Android a wayoyin Android, Strongbox da KeePassium a iPhone. Idan ka ƙara kalma a kwamfuta, waya ba ta da labari sai fayil ɗin ya isa gare ta. Shi ya sa ake sa shi a foldar wata ma'ajiyar intanet, irin su Dropbox, Google Drive, OneDrive ko iCloud Drive, ita kuma ta riƙa kai sabon kwafi ga kowace na'ura.

Ba ganganci ba ne in ɗora duk kalmomin sirrina a intanet?

Abin da ke barin na'urarka ba kalmomin ba ne, fayil ne da aka riga aka kulle da hanyar ɓoye bayanai ta AES-256 ko ChaCha20 tun kafin ya fita. Kamfanin ma'ajiyar yana ganin sunan fayil, da girmansa, da lokacin da ka taɓa shi. Sunayen shafukan da kake shiga, da sunan da kake shiga da shi, da 'yan bayanan da ka rubuta a gefe, duk suna cikin kullen.

To amma kada wannan ya sa ka miƙe ƙafa. Ka ɗauka kawai wata rana fayil ɗin zai faɗa hannun wani, sai ka yi shiri a kan haka. Ya taɓa faruwa da kamfani sukutum: a 2022 masu kutse sun kwashe kwafin kundayen masu amfani da LastPass, wani kamfanin ajiye kalmomin sirri. Kalmomin suna a kulle, amma adireshin shafukan ba a kulle suke ba, kuma daga ranar duk mai raunin babbar kalma, wato kalmar da ke buɗe kundin gaba ɗaya, ya shiga uku. Dalili shi ne, wanda ya riƙe fayil ɗinka a injinsa ba ya fuskantar "ka yi kuskure sau uku, an rufe". Zai yi ta gwadawa dare da rana, shekara da shekaru, ba mai ce masa kanzil, kuma kai ba za ka taɓa sani ba. Saboda haka tsaron kundin bai rataya a wuyan Google ko Dropbox ba. Ya rataya ne a kan babbar kalmar da ke buɗe shi.

To yaya babbar kalmar ya kamata ta kasance?

Doguwa, kuma ba kai ka ƙirƙiro ta daga kanka ba. Sunan ɗa da shekarar haihuwa da alamar motsin rai a ƙarshe, irinsu ne na farko da injin gwaji ke lashewa. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce Diceware, wadda Arnold Reinhold ya fito da ita a 1995: jerin kalmomi 7,776, ana zaɓar kowace da ƙuri'a. Kalmomi shida da aka zaɓa haka suna ba da yawan haɗuwa da sai an rubuta shi da alƙaluma 24. KeePassXC tana da wurin da take zaɓo maka irin wannan jimla. Kwana biyu uku kana rubuta ta, yatsunka za su haddace.

Sai abu na biyu da mutane ba sa lura da shi. Kafin babbar kalma ta zama makulli, manhajar tana tauna ta da gangan na ɗan lokaci, don kowane gwaji ya yi wa ɓarawo tsada. Tsarin fayil na KDBX 4, wanda ya zo da KeePass 2.35 a 2017, ya kawo wata hanyar taunar mai suna Argon2, wanda ya ci gasar hanyoyin kare kalmar sirri a 2015. Shi ba lokaci kaɗai yake ci ba, har da ƙwaƙwalwar na'ura, abin da ke karya lagon masu jera injina suna gwaji dubbai a lokaci guda. Idan kundinka tsoho ne, leƙa saitin tsaronsa ka ga ko yana kan Argon2. Saita shi ya ɗauki kamar daƙiƙa ɗaya kafin ya buɗe, amma ka auna da na'urarka mafi rauni, wato yawanci wayar.

Wace ma'ajiya ce ta fi?

Kusan kowace za ta yi. Fayil ɗin ƙarami ne, ko hoto ɗaya na waya ya fi shi nauyi in ba ka cusa masa takardu ba, don haka maganar wuri ba ta taso ba. Abu biyu za ka duba: shin tana ajiye tsofaffin kwafin fayil, kuma shin tana barin kwafi a na'urar don lokacin da babu intanet. Dropbox na kyauta yana riƙe tsofaffin kwafi kwana 30, amma na'urori uku kawai yake bari ka haɗa. Google Drive yana riƙe su kwana 30 ko kwafi 100, sai dai in ka ce a bar wani har abada. A OneDrive ka tabbata ka zaɓi a riƙa barin fayil ɗin a na'urar koyaushe, in ba haka ba sunansa kawai za ka gani ranar da intanet ta ɗauke.

Wanda ba ya son kamfani ko kaɗan yana iya kafa ma'ajiyarsa ta kansa da manhajar Nextcloud, ko ya yi amfani da Syncthing, wadda ke kai fayil kai tsaye daga na'ura zuwa na'ura. Sai dai ita sai na'urorin biyu suna kunne a lokaci guda.

Me zai faru idan na yi gyara a na'urori biyu kafin su daidaita?

Nan ne gizo ke saƙar. Ma'ajiyar intanet ba ta san abin da ke cikin kundin ba, tunda a kulle yake. A wurinta dunƙule ɗaya ne. Ko harafi ɗaya ka canza, fayil ɗin gaba ɗaya ya zama wani sabo. Don haka ba za ta iya cewa "waya ta ƙara kalmar banki, kwamfuta ta ƙara ta imel, bari in haɗa su" ba. Zaɓinta biyu ne: ko na ƙarshe ya danne na farko, ko ta ajiye duka biyun gefe da gefe ta bar ka da su.

Ni ma na taɓa ƙonewa. Na bar kundin a buɗe a laftof, na rufe murfinta na fita. A hanya na canza kalmar imel ɗina ta waya, sabuwa mai haruffa ashirin da ko ɗaya ban riƙe ba, waya ta adana, ta tura. Da dare na buɗa laftof, kafin ta gama kama intanet na gyara wani ɗan bayani a wani gurbi, wato wurin da aka rubuta kalmar shafi ɗaya a kundin, na danna adanawa. Wani akwati ya fito yana tambayata wani abu, ban karanta ba na danna. Washegari waya ta sauko da "sabon" kundi, na duba gurbin imel, sai ga tsohuwar kalma tana kallona. Abin da ya cece ni shi ne tarihin fayil a ma'ajiyar: kwafi biyu jere, ɗaya na ƙarfe huɗu da 'yan mintuna daga waya, ɗaya na tara da rabi daga laftof. Na sauko da na ƙarfe huɗun, na haɗe su. Da sai bayan wata biyu na lura, da tarihin ya riga ya share, sai dai in bi layin "na manta kalmar sirrina".

Laifin ba na ma'ajiyar ba ne, ta yi abin da aka gina ta ta yi. Akwatin da ban karanta ba kuwa tambayata yake: fayil ya canza a bayan idonka, a haɗe ko a danne?

Na ga fayil biyu masu kusan suna ɗaya. Wanne zan goge?

Kada ka goge ko ɗaya tukuna. Wannan alama ce ma'ajiyar ta ga saɓani ta ƙi yanke hukunci, kuma gara haka. Dropbox yana saka "conflicted copy" a sunan na biyun, OneDrive yana liƙa masa sunan kwamfutar, Syncthing tana saka "sync-conflict" da kwanan wata. Google Drive kuwa yana yarda fayil biyu su ɗauki suna iri ɗaya sak, don haka a can sai ka duba lokaci.

Manhajar kundin ce ke iya haɗe su, domin ita ce ke ganin ciki. A KeePass 2 umarnin yana ƙarƙashin "Synchronize", a KeePassXC kuma "Merge from database". Ka buɗe babban kundin, ka nuna masa ɗayan. Kowane gurbi yana da lambar shaida tasa da ba ta canzawa ko ka canza masa suna, da kuma lokacin da aka yi masa gyaran ƙarshe. Manhajar za ta bi su ɗaya bayan ɗaya: gurbin da ke gefe ɗaya kawai a kawo shi, wanda aka gyara a duka biyun a ɗauki mafi sabo, tsohon kuma a tura shi tarihin gurbin. Kundin yana kuma riƙe da jerin abubuwan da aka goge, don kada wanda ka share da gangan ya dawo kamar fatalwa. Tarihin gurbi bisa al'ada yana ɗaukar gyara goma na baya, saboda haka ko manhajar ta zaɓi wanda ba shi kake so ba, ɗayan yana nan.

Bayan ka haɗe, ka adana, ka duba gurbin da ka san ka taɓa kwanan nan, sannan ka cire kwafin saɓanin daga foldar.

Wani ɗan abu: tunda da lokaci ake tantance sabo da tsoho, agogon na'urorinka ya zama daidai. Kwamfutar da agogonta ke gaba da awa biyu za ta riƙa cin gardama ko ba ita ke da gaskiya ba.

Yaya zan rage faruwar saɓanin tun farko?

Ka kunna adanawa nan take bayan kowane gyara, don kada canji ya kwana a ƙwaƙwalwar manhaja. Ka sa kundin ya kulle kansa idan an rufe murfin laftof ko an bar shi 'yan mintuna. KeePassXC tana lura idan fayil ya canza ta sake loda shi da kanta, ka bar wannan a kunne. Kafin ka yi gyara a na'urar da ta jima a kashe, ka ba ta ɗan lokaci ta gama sauke sabon kwafi. Alamar ma'ajiyar a gefen agogo za ta nuna maka. A waya kuma, buɗe kundin daga cikin ma'ajiyar kai tsaye, kada ka sauke shi zuwa foldar saukarwa ka riƙa buɗe wancan. Mutane da yawa sun yi wata da watanni suna rubutu a kwafin da ba ya zuwa ko'ina.

Idan kana so ka huta gaba ɗaya, ka mai da na'ura ɗaya ta rubutu, sauran na karatu kawai. Ba dole ba ne, amma wanda ya yi haka da wuya ya ga fayil biyu.

Mene ne fayil ɗin makulli, kuma ina zan ajiye shi?

Ƙarin kulle ne. Kundin ba zai buɗu ba sai an kawo babbar kalma da wani ɗan fayil tare. Amfaninsa yana fitowa ne daidai a wannan yanayi: wanda ya sace kundin daga ma'ajiya, ko da ya canki kalmar, ba shi da makullin. Sharaɗin ɗaya ne, kada makullin ya taɓa shiga ma'ajiyar da kundin yake. Ka kai shi kowace na'ura da kebul ko filash. Wanda ya sa su a folda ɗaya ya rufe ƙofa ne ya bar makulli a jikinta.

Hatsarinsa kuma shi ne idan ya ɓace, ko wani abu a cikinsa ya canza ko da ƙanƙani ne, kundin ya rufu har abada. Don haka kada ka ɗauki hoto ko takardar da wata manhaja za ta iya taɓawa ka mai da ita makulli; bari manhajar kundin ta ƙirƙiro maka, ka ajiye kwafinsa a wuri biyu. Masu YubiKey, ɗan makullin tsaro mai kama da filash, suna iya amfani da shi a madadin haka a KeePassXC, amma su tanadi na biyu da aka saka wa sirri iri ɗaya, kuma su tabbata manhajar wayarsu ta san shi.

Kalmar sirrin ma'ajiyar ita ma tana cikin kundin. Akwai matsala?

Akwai, babba. Ka ɗauka waya da laftof sun tafi rana ɗaya, a jaka ɗaya. Ka sami sabuwar na'ura. Kundin yana Google Drive, kalmar shiga Google tana cikin kundin, lambar tabbatarwa kuma tana zuwa wayar da ta ɓace. Ka haddace babbar kalmarka tsaf, amma babu abin da za ka buɗe da ita.

Maganin ba wuya. Ka rubuta kalmar ma'ajiyar da lambobin ko-ta-kwana da suke bayarwa lokacin da ka kunna tabbatarwa mataki biyu, a takarda, ka adana inda kake adana muhimman takardunka. Ka kuma ajiye kwafin kundin a filash da ba ya yawo da kai. Wasu suna ganin rubuta kalmar sirri a takarda abin kunya ne. Mai kutse daga wata nahiya ba ya iya buɗe durowarka.

Tunda yana na'urori uku da intanet, ai ina da kwafin ko-ta-kwana ke nan?

A'a. Daidaitawa tana kwafar ɓarna da saurin da take kwafar gyara. Ka goge fayil bisa kuskure, ya goge ko'ina. Manhajar masu garkuwa da fayiloli ta kulle shi, kullallen ne zai bazu. Tarihin kwana 30 yana taimakawa idan ka lura da wuri, shi ke nan. Lokaci-lokaci ka kwafi kundin zuwa wurin da ba ya daidaitawa da komai, ka sa kwanan wata a sunansa, kuma ka gwada buɗe shi. Kwafin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai.

Idan na canza babbar kalma, tsofaffin kwafin fa?

Suna nan da tsohuwar kalmarsu. Canjin ya shafi fayil na yanzu ne kawai. Duk kwafin da ke tarihin ma'ajiya, ko a filash, ko a hannun wanda ya riga ya sace, tsohuwar kalma ce ke buɗe shi. Don haka idan dalilin canjin shi ne kana zargin wani ya san ta, canza ta kaɗai bai wadatar ba. Sai ka bi kalmomin da ke ciki ka canza su, ka fara da imel, domin ta nan ake sake saita duk sauran, sannan banki da ma'ajiyar kanta.

Ka yi canjin a na'ura ɗaya bayan ka rufe kundin a sauran, ka jira ya isa ko'ina. Wayar da ke buɗewa da zanen yatsa za ta nemi sabuwar kalmar sau ɗaya.

Wayata ta ɓace. Me zan fara yi?

Shiga ma'ajiyar daga wata na'ura ka cire wayar daga jerin na'urorin da aka yarda da su, don kada ta ƙara samun sabon kwafi. Idan kana iya goge ta daga nesa, goge. Kwafin da ke cikinta yana nan a kulle. In wayar tana da kulle mai kyau kuma kundin yana rufe kansa, hankalinka ya kwanta. In kuwa a buɗe aka fizge ta daga hannunka, ka ɗauka an ga komai.

A iPhone kundin yana buɗuwa a manhaja, amma cika kalma kai tsaye a shafi yana mutuwa. Me ya sa?

Yawanci Argon2 ne aka ba ƙwaƙwalwa da yawa. iOS yana ba sashen cika kalma ƙwaƙwalwa kaɗan, ƙasa da wadda yake ba manhajar kanta. Rage adadin ƙwaƙwalwar a saitin kundin, ka ƙara yawan zagayen taunar kalmar don cike gibin.

Zan iya raba kundin da iyalina ko abokan aikina?

Za ka iya, amma ba naka na kanka ba. Duk wanda ya san babbar kalma yana ganin komai, babu "wannan gurbin ban da wane". Ka buɗe kundi na daban don abubuwan da kuka yi tarayya a kai. Ka kuma sani yawan hannaye yawan saɓani: mutum biyar masu rubutu a fayil ɗaya za su riƙa haɗe kwafi kusan kowane mako. Ranar da wani ya bar aikin kuma, ya tafi da kwafinsa, sai an canza duk abin da ke ciki.

Duk wannan wahala, me zai hana in koma Bitwarden ko 1Password kawai?

Babu abin da zai hana, kuma ga mutane da yawa shi ya fi. Su ma manhajojin ajiye kalmomin sirri ne, amma sabarsu tana daidaita gurbi-gurbi, ba ka ganin fayil biyu, rabawa da mutane ma ta fi sauƙi. Wanda ya san ba zai karanta akwatin gargaɗi ba, ba zai yi kwafin filash ba, gara ya je can da ya zauna yana maimaita kalma ɗaya a shafuka talatin. Abin da kake samu a KeePass shi ne fayil ɗin naka ne: ba rajista, yana buɗuwa ba intanet, kana iya ɗauke shi daga wannan ma'ajiya zuwa waccan cikin minti ɗaya, kuma manhajoji da dama suna karanta shi, in ɗaya ta mutu ka koma wata. A madadin haka, aikin da kamfani zai yi maka ya dawo kanka, har da sabunta manhajar. A 2023 an gano wata kafa a KeePass 2 da ke ba da damar tsamo yawancin babbar kalma daga ƙwaƙwalwar kwamfuta, aka toshe ta a 2.54, wanda bai sabunta ba yana nan da ita.

Kundin ya ƙi buɗuwa, yana cewa fayil ya lalace. Shi ke nan?

Da wuya. Da farko ka tabbata ba kalmar ka yi kuskure ba, ko fayil ɗin makulli ka manta, domin saƙon kan yi kama. Sannan duba girman fayil ɗin: idan ya nuna sifili ko ya ragu ƙwarai, an katse shi ne a tsakiyar adanawa ko saukewa. Kada ka adana komai a kansa. Idan akwai wata na'ura da ba ta riga ta karɓi lalataccen ba, kashe mata intanet kafin ka buɗe ta, ka kwafi nata zuwa gefe. In babu, shiga tarihin fayil a ma'ajiyar ka sauko da kwafin da ya gabata. Idan abin yana maimaituwa a KeePassXC, akwai zaɓi a saitinta na canza hanyar adana fayil, wanda aka tanada musamman saboda ma'ajiyoyi irin Dropbox da Google Drive. Kunna shi, ka yi ɗan gyara a wani gurbi, ka ga ko ya isa waya lafiya.